Gumbo, jambalaya ko Hoppin' John: wace tukunyar Kudancin Amurka za a ɗora?

In aka ce abincin Amurka, boga da soyayyen dankali ne ke fara zuwa ran mutane. Amma a jihar Luwiziyana, da gaɓar tekun Karolina ta Kudu da Jojiya, shinkafa ce uwar abinci, kuma girki uku ne suka yi suna a kanta. Gumbo miya ce mai ruwa-ruwa da ake zubawa kan farar shinkafa. Jambalaya shinkafa ce da nama a tukunya ɗaya. Hoppin' John kuwa shinkafa da wake ne da aka dafa cikin romon bandar nama.

Bahaushe na ganinsu zai ce ai miyar kuɓewa ce da dafa-duka da garau-garau. Bai yi ƙarya ba, don kuwa dangi ne. Kuɓewa da waken da sanin noman shinkafa duk tare da bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma suka ƙetare teku, kuma a ɗakunan girkin kudu hannun waɗannan mutane da na jikokinsu ne ya fi yawa a kan muciya. Sai dai kamannin nan shi ne ke ɓata girkin. Hannu ya riga ya saba, sai ya jefa kanwa inda ba a so, ya juya shinkafa inda aka hana, ya nemi yauƙi inda ake gudunsa. Don haka zaɓi tsakanin ukun ba na daɗi kaɗai ba ne. Sai an duba lokacin da ake da shi, da yawan masu ci, da irin wutar da za a yi girkin a kai, da kuma abin da za a sa a madadin naman alade.

Maganar alade tukuna

A al'adarsu duk ukun yawanci da alade ake yin su, kuma wannan ne ya kamata a fara warwarewa kafin a je cefane. A gumbo da jambalaya ana sa andouille, wani sosej ne na alade da tafarnuwa da aka banda har ya yi duhu, wanda garin LaPlace na Luwiziyana ya yi fice wajen yin sa. A Hoppin' John ana sa bandar ƙafar alade ko kitsensa mai gishiri. Wanda ya je gidan abinci a Amurka kada sunan girki ya ruɗe shi: gumbon da aka ce na kifi da jatan lande ne sau da yawa akwai yankan sosej a ciki, wasu masu girki da kitsen alade suke soya fulawar miyar, ganyen da ake haɗawa da Hoppin' John ma yawanci da ƙafar alade aka dafa shi. Tambaya uku ce ke fitar da mutum: wane sosej aka sa, da wane mai aka soya fulawa, da me aka yi romon.

A tukunya, aladen abu uku yake bayarwa: ƙamshin hayaƙi, gishiri, da maiƙo mai danƙo da ke ba romo jiki. Kowanne da abin da zai maye gurbinsa. Hayaƙi ana samunsa daga bandar kaza ko ta talo-talo, wadda Baƙar fatar Amurka da yawa suke amfani da ita yau a maimakon alade, ko daga sosej na naman sa da aka banda. In babu, a shafa wa cinyoyin kaza gishiri da tafarnuwa da barkono, a ɗora bisa garwashi da ɗan guntun itace mai hayaƙi a gefe, a rufe da wani kwano na minti 20. Danƙon romo kuwa yanka biyu na ƙafar sa sun wadatar. Kilishi da tsire ba sa yi, domin ƙuli-ƙuli da zaƙin da ke jikinsu suna juya ɗanɗanon gaba ɗaya. Bandar kifi ma a yi hankali da ita: ƙamshinta ya fi ƙarfin sauran kayan, yana shiga girkin ya koma miyarmu ta gida.

A nan ne ukun suka fara rabuwa. Gumbo ne ya fi jure rashin alade, don ƙarfin ɗanɗanonsa daga soyayyar fulawa yake. Jambalaya na tsakiya. Hoppin' John ne ya fi jin jiki, don ban da romon banda ba shi da wani abin dogaro.

Hoppin' John

Gidansa filayen fadama na gaɓar Karolina ta Kudu da Jojiya, inda aka fara noman shinkafa a Karolina tun wajen ƙarshen ƙarni na 17, daga baya aka yi manyan gonaki. Masu gonakin kan biya kuɗi fiye da kima a kan bayin da suka fito daga yankunan noman shinkafa na Afirka ta Yamma, kuma kusan kashi 40 cikin 100 na bayin da aka kai Arewacin Amurka ta tashar jiragen ruwa ta Charleston, a Karolina ta Kudu, suka shiga. Jikokin bayin gonakin nan su ne mutanen Gullah, waɗanda har yau girkin yake nasu. A 1847 Sarah Rutledge ta buga shi a littafinta na girki, The Carolina Housewife, da kayan haɗi uku kacal: laba ɗaya ta naman alade, awo ɗaya na jan wake, awo ɗaya na shinkafa. A kudu ana cin sa ranar sabuwar shekara da dafaffen ganye da burodin masara, bisa camfin cewa waken sulalla ne, ganyen takardun kuɗi, burodin kuma zinari.

Waken nan shi ne dai namu, wanda Najeriya da Nijar suka fi kowace ƙasa nomawa. Amma na asali ƙaramin jan wake ne mai tauri, shinkafar kuma wani iri ne da ake kira Carolina Gold, wanda nomansa ya mutu a farkon ƙarni na 20 sai a shekarun 1980 aka farfaɗo da shi. Da aka koma farin wake mai baƙin ido, wanda ya fi saurin farfashewa, sai girkin ya zama mai saurin caɓewa. Shi ya sa masu yin sa da kyau yau ba sa barin wake da shinkafa su nuna tare tun farko.

Na mutum shida: busasshen wake kofi 1, shinkafa mai dogon ƙwaya kofi 1 da rabi, bandar nama giram 400, albasa babba 1, tafarnuwa ƙwaya 3, ganyen bay 1, tayim rabin ƙaramin cokali, barkono kaɗan. Kofin da ake nufi a duk girkin nan mai cin mililita 240 ne. A jiƙa wake awa 4 zuwa 6. A dafa bandar nama cikin ruwa kofi 7 na minti 45, sannan a zuba wake da ganyen bay, a rage wuta ya dinga tafasa a hankali minti 30 zuwa 40. Ana so in an matsa ƙwaya ta murƙushe amma fatarta ba ta tsage ba. A tace, a ajiye waken a gefe da ɗan romo don kada ya bushe. A soya albasa da tafarnuwa cikin mai cokali 2, a zuba shinkafa a juya minti 2, a auna romon kofi 2 da rabi zuwa 3 a zuba, a rufe minti 18 a ƙaramar wuta. Sai a juye waken da yagaggen naman a kai, a sake rufewa a kashe wuta, a bari minti 10 kafin a gauraya da cokali mai yatsu.

Abin da ke ɓata shi ba yawa. Kanwa ce ta farko: tana sa wake ya yi laushi da wuri, amma tana farfasa shi, ta rina romon, shinkafar ta yi danƙo. Na biyu gishiri, domin banda na da nata, sai an ɗanɗana romon bayan naman ya dahu sannan a ƙara. Bambancinsa da garau-garau shi ne babu mai da yaji a sama. Duk daɗin a cikin romon yake, in romon ya yi lami to babu abin da zai ceci tukunyar.

Jambalaya

Faransawa ne suka kafa birnin New Orleans na Luwiziyana a 1718, jiragen bayi na farko suka iso Luwiziyana a 1719, kuma wajen kashi biyu cikin uku na bayin da aka kawo a zamanin Faransa daga yankin Senegal da Gambiya suke. Sifaniyawa suka karɓi mulki a shekarun 1760, Amurka ta saye yankin a 1803. Wannan cakuɗuwa ce ta sa masana tarihin abinci suka rabu a kan jambalaya: wasu na jingina ta ga paella, wata dafa-dukar shinkafa ta Sifen, wasu ga shinkafar tukunya ɗaya ta Senegambiya, gidan da dafa-duka ta fito. Wanda ya ci duka biyun zai ga ta ɗauko wani abu daga kowanne.

Iri biyu ce. Ja ita ce ta Kiriyol, mutanen birnin New Orleans, ana sa mata tumatir da jatan lande. Mai ruwan ƙasa ta Kajun ce, jikokin Faransawan da Ingila ta kora daga gabashin Kanada tun daga 1755, suka zauna a fadamu da filayen kudancin Luwiziyana. Tasu ba ta da tumatir ko ɗigo. Garin Gonzales, wanda ke bikin jambalaya tun 1968, irin wannan ake gasar dafawa a cikinsa, a baƙar tukunyar ƙarfe bisa itace. Ga mai neman sabon abu, mai ruwan ƙasa ce ta cancanci wahala. Jar, da an cire mata sosej ɗin alade, kusan dafa-duka ce da seleri, wani kayan lambu mai ƙamshi da ake yanka sandunansa a girki.

Na mutum takwas zuwa goma: shinkafa kofi 3, romon kaza kofi 5, tsokar cinyar kaza kilo 1 a yanka manya, bandar sosej na naman sa giram 450, albasa 3, koren tattasai 1, seleri sanda 3, tafarnuwa ƙwaya 5, tayim da masoro ƙaramin cokali ɗaiɗai, barkono gwargwadon baki, ganyen bay 2, lawashi na ƙarshe. Albasa da koren tattasai da seleri su ne tushen duk girkin Luwiziyana, kuma ma'auninsu kashi biyu na albasa ne, ɗaiɗai na sauran. Inda seleri ya yi wuya a ƙara tattasai da ɗan fasli, amma a san ƙamshin zai ragu.

Launin nan mai duhu ba daga wani sinadari yake ba, daga gindin tukunya yake. A soya sosej cikin mai cokali 3 har gefensa ya yi duhu, a kwashe. A soya kaza kashi-kashi, kada a cika tukunyar, don in ta cika naman ruwa zai fitar, ya dahu a maimakon ya soyu. Kowane gefe a bar shi minti 4 zuwa 5 ba taɓawa. Gindin tukunya zai kama da wani abu mai ruwan ƙasa, shi ake nema. A zuba albasa, a dinga kankare shi da cokalin katako ana yayyafa ruwa cokali biyu duk lokacin da ya so ƙonewa, minti 15 zuwa 20, har albasar ta narke ta yi duhu. Mai gaggawa a wannan gaɓa farar jambalaya zai samu. Sai tattasai da seleri minti 5, tafarnuwa minti 1, a mayar da nama, a zuba romo da kayan ƙamshi, a tafasa minti 10. A ɗanɗana: ruwan ya ɗan zarce a gishiri, domin shinkafa za ta shanye.

A zuba shinkafa, a juya sau ɗaya, a bar ta a buɗe har ruwan ya sauka daidai da samanta. A rufe ruf, a mayar da wuta can ƙasa, minti 20 zuwa 25. A tsakiya ana iya ɗago ta sau ɗaya daga gefe zuwa ciki, kifarwa ake yi ba tuƙawa ba. A sauke, a bar ta a rufe minti 10.

In ta caɓe, ko ruwa ya yi yawa ko an cika juyawa har ƙwayar ta saki sitaci. Kayan lambu da nama suna fitar da nasu ruwan, shi ya sa ba a kai wa kofi biyu na ruwa ga kofi ɗaya na shinkafa, kuma tukunya na ƙara girma ma'aunin ruwan na ƙara raguwa. In sama ta yi tsaye ƙasa ta kama, wuta ta yi yawa ko murfin na sakin tururi. A yayyafa ruwan zafi rabin kofi, a shimfiɗa takardar foyil ƙarƙashin murfin, a ƙara minti 10. A murhun itace ko gawayi, da an rufe sai a janye itacen a bar garwashi kaɗai. Shinkafar gumi ta fi yafiya, ba ta saurin caɓewa, amma tana shan ƙarin ruwa kamar rabin kofi da ƙarin minti 5. Mai yin jar kuwa ya soya tumatirin har ya saki mai, ya lissafa ruwansa cikin kofi biyar ɗin nan, don tsamin ɗanyen tumatir na jinkirta nunar shinkafa. Jatan lande a minti biyar na ƙarshe ake tura shi cikin shinkafar.

Gumbo

Wannan ne babban yaya, kuma a 2004 Luwiziyana ta ayyana shi a matsayin abincin jiha. An rubuta cewa an ci shi a liyafar gwamna a New Orleans a 1803. Abubuwa uku ake kaurara shi da su, kowanne daga wata al'umma. Kuɓewa daga Afirka. Filé daga 'yan asalin ƙasar, ƙabilar Choctaw: busasshen ganyen itacen sassafras ne da aka daka, kamanninsa da aikinsa kusan na garin kuka, kuma da can shi ake komawa da sanyi in kuɓewa ta ƙare. Na uku soyayyar fulawa da mai, wadda suke kira roux, dabarar Faransawa ce, sai dai a Luwiziyana aka soya ta har ta kai duhun da ba a san shi a Faransa ba. Shahararren mai girki Paul Prudhomme, wanda ya buɗe gidan abincinsa na K-Paul's a 1979, shi ya yayata irin mai duhun nan a faɗin Amurka. Gumbon Kiriyol ya fi sauƙin launi, da kuɓewa da kayan teku, wani lokaci da tumatir. Na Kajun baƙi ne, kaza da sosej, kuma sa masa tumatir abin faɗa ne a wurinsu.

Na mutum takwas: tataccen man gyaɗa kofi 1, fulawa kofi 1, albasa yankakkiya kofi 2, tattasai kofi 1, seleri kofi 1, tafarnuwa ƙwaya 5, kaza kilo 1 da rabi, bandar sosej giram 450, kuɓewa giram 400, romo lita 2 da rabi zuwa 3, ganyen bay 3, tayim, masoro, barkono.

Kafin a kunna wuta a yanka komai a jere a kusa, romon kuma yana gefe da ɗuminsa, domin da an fara soya fulawa babu matsawa ko nan da ƙofa. Tukunya mai kaurin gindi ake so. Siririya tana tara zafi wuri guda ta ƙona. Man shanu da bota ba sa kai wa ƙarshe, ƙonewa suke yi, manja kuma yana canza girkin. A ɗumama mai a matsakaiciyar wuta, a barbaɗa fulawa ana juyawa da cokalin katako mai faffaɗan baki, ana bin kowane lungu na gindin. Minti biyar na farko za ta yi kumfa. Wajen minti 15 zuwa 20 za ta yi launin markaɗaɗɗiyar gyaɗa, ƙamshinta ma ya koma na suyar gyaɗa. Daga nan sai ja-ja, sai launin cakulan tsakanin minti 35 da 45. Matakin ƙarshe ne mai haɗari, don tsakanin daidai da ƙonewa bai wuce minti ɗaya ba. A rage wuta da an ga ta fara ja. In aka ga baƙaƙen ɗigo-ɗigo na yawo a ciki, ko ƙauri ya bugi hanci, ta ƙone. Babu gyara, a zubar a wanke tukunya a sake, domin ɗacin zai bi duk miyar, kuma asarar kofin fulawa ta fi asarar kaza. A kuma kiyayi fantsama: haɗin nan ya fi tafasasshen ruwa zafi nesa ba kusa ba, yana manne wa fata. Yara su yi nisa.

Mai tanda na da hanya mai sauƙi. A haɗa man da fulawar a tukunyar ƙarfe, a sa a zafin digiri 175, ana juyawa duk bayan minti 20, awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Ta fi cin lokaci amma da wuya ta ƙone.

Da launin ya kai, a juye albasa da tattasai da seleri gaba ɗaya. Za su yi ƙara da tururi, kuma su ne ke tsayar da suyar. A juya minti 5, a sa tafarnuwa, sannan romo ludayi-ludayi, kowanne sai ya haɗe kafin na gaba. In aka kwara shi lokaci ɗaya, fulawar kan rabu da man ta dinga yawo gudaji-gudaji. In hakan ta faru a tafasa da ƙarfi ana bugawa da maburgi, yawanci tana komawa. A zuba soyayyar kaza da sosej da kayan ƙamshi, a bar shi yana ɓararraka a hankali, a buɗe, awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Mai zai dinga tasowa, a dinga kwashewa, ana iya cire fiye da rabin kofi. A tsamo kazar a zare ƙashi a mayar da tsokar.

Abin da ke ba sabon mai yi mamaki shi ne fulawa kofi guda amma miyar ba ta yi kauri ba. Haka ake so. Zafi na karya sitacin fulawa, iya duhunta iya raguwar ƙarfinta na kaurarawa, ta zama ta ɗanɗano. Gumbo mai kyau yana ɗan lulluɓe bayan cokali ne kawai. Kada a ƙara ɗanyar fulawa.

Kuɓewa ce wurin da hannun da ya saba da miyar tuwo ya fi kuskure. Mu goga ta muke yi ko mu daka, mu sa kanwa don ta yi yauƙi. A gumbo akasin haka ake yi: a yanka ta zobe-zobe, a soya daban cikin mai cokali 2 na minti 15 zuwa 20 da ƙaramin cokali na ruwan tsami ko lemon tsami, har zaren yauƙin ya daina bin cokali, sannan a zuba a minti 30 na ƙarshe. Ɗan abin da ya rage ya isa ya ba miyar jiki. Filé kuwa ba a tafasa shi. Bayan an sauke ake barbaɗawa, kamar kwata na ƙaramin cokali a kowane kwano, domin in ya tafasa zare-zare yake yi. Garin kuka zai kawo kaurin amma ba ƙamshin ba, kuma shi sai ya ɗan dahu. In akwai kuɓewa da soyayyar fulawa ba a buƙatar ko ɗaya. Ana zuba miyar a kwano mai zurfi da shinkafa kamar rabin kofi a tsakiya, a watsa lawashi. Miya ce da shinkafa a ciki, ba shinkafa da miya a kai ba.

To wanne?

In taro ne, walima ko suna ko baƙi masu yawa, jambalaya ce. Tukunya ɗaya, awa ɗaya da kwata zuwa ɗaya da rabi, ana rabawa a faranti ko a roba ba tare da neman kwano da cokalin miya ba, kuma kilo ɗaya da rabi na nama ya ratsa mutum goma. Sharaɗinta a ci da zafinta. In ta kwana tana bushewa, ɗumame ba ya mayar da ita yadda take. Tana kuma son wutar da za a iya ragewa sosai, wanda ya fi sauƙi a gas.

In baƙin kaɗan ne kuma ana so a ba su abin da ba su taɓa ci ba, gumbo ne, ba tantama. Yana cin awa uku, minti arba'in daga ciki a tsaye ana juyawa, kuma shi ya fi tsada. Amma shi kaɗai ne cikin ukun da kwana ke ƙara wa daɗi, don haka ana iya dafa shi jajibiri, ranar taron shinkafa kawai za a ɗora. Kwanan na da ƙa'ida. Babbar tukunyar gumbo na riƙe ɗumi awanni, in aka bar ta a rufe a kan murhu da safe za a tarar ta yi kumfa ta yi tsami. A rarraba a ƙananan kwanoni marasa zurfi, a sa a firji cikin awa biyu da saukewa. Yana kwana uku zuwa huɗu a firji, wata uku a firiza. Inda wutar lantarki ba ta da tabbas, wannan fa'idar ta faɗi, gara a dafa abin da za a cinye a ranar. Ita soyayyar fulawar kuwa ana iya yin ta da yawa a zuba a kwalba, tana makonni a firji, kuma da ita a hannu aikin ya ragu da kusan awa guda.

Hoppin' John na ranar aiki ne da ƙaramin aljihu. Shi ya fi araha, shi ya fi wuyar lalacewa, kayansa duk suna kasuwar unguwa, amma shi ne zai fi kama da abin da aka saba ci. Bai cancanci a dafa shi ba sai an sami banda mai kyau. In babu ita, garau-garau da mai da yaji ya fi shi.

Wanda bai taɓa yin ko ɗaya ba ya fara da jambalaya mai ruwan ƙasa, a rabin ma'aunin da aka bayar: shinkafa kofi 1 da rabi, romo kofi 2 da rabi zuwa 3, don ƙaramar tukunya ta fi saurin ƙafe ruwa. A nan ne ido zai koyi bambanta duhun suya da duhun ƙonewa a kan albasa, inda ɗan yayyafin ruwa ke gyara kuskure, kafin a je ga fulawa inda ba ya gyaruwa.